Kada Littafin Ƙungiya Ya Kwana Shi Kaɗai

Na san wasu sun bar tukunya a kan murhu, wasu kuma awaki na can na jiran dusa, don haka zan shiga maganar kai tsaye.

A zaman da ya wuce mun yi maganar akwati: kwaɗo uku, makullai uku a hannun mata uku, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu. Yau maganar littafi za mu yi. Bari in fara da tambaya, kowa ta amsa a zuciyarta. A tsakiyar zango, ina kuɗin ƙungiya suke zaune? Da yawa za ku ce cikin akwati. To mu yi lissafi. A ce ku 25 ne, hannu ɗaya naira 500, kowa kuma tana zuba hannu uku a mako idan aka haɗa mai yawa da mai kaɗan. Kowane mako kenan naira 37,500 ke shigowa. Bayan mako 30 kun tara naira miliyan 1 da dubu 125. Amma ku da kanku kun san idan aka buɗe akwatin ranar, ba za a tarar da wannan kuɗin ba. Yana wajen mai ƙuli-ƙuli, yana wajen mai awara, yana wajen wadda ta sayi tunkiya don layya, yana wajen wadda ta biya kuɗin makarantar 'yarta. Abin da ya rage a akwati ɗan kaɗan ne. Sauran duka rance ne, kuma abin da ke nuna wa ta karɓa, nawa ta karɓa, nawa ta biya, shi ne littafi. Kenan mafi yawan dukiyarku a kan takarda take kwana.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tsarinmu ya ce a kulle 'yan littattafan mambobi cikin akwati bayan kowane zama, tare da babban littafin sakatariya. Dalilin mai kyau ne, don kada wata ta ƙara wa kanta tambari a gida. Amma hakan na nufin kuɗi da littafi da shaidar kowa duk suna kwana wuri ɗaya, cikin ɗaki ɗaya. Ɓarawon da ya ɗauke akwati ba zai tsaya ya cire muku littafi ya ajiye a bakin ƙofa ba. Wuta ma haka. Ruwa ma haka. Gara kuwa ba ta buƙatar makulli, in ta samu kafa shikenan. Kuɗin da ke cikin akwatin, in sun tafi, kun san adadinsu, za ku yi kuka ku yi haƙuri. Amma in littafi ya tafi, abin da ke biyo baya ya fi asarar kuɗi ciwo. Wannan ta ce na biya dubu goma, waccan ta ce a gabana dubu biyar kika bayar. Ba lallai ne wata ta yi ƙarya ba, mantuwa ce ta ɗan Adam. Sai ka ga matan da suka yi shekaru suna cin tuwo kwano ɗaya sun daina gaisawa a bakin rijiya, maganar ta kai ga mazaje, daga nan ta kai gaban mai unguwa. Kuma wadda ta fi kowa shan wuya ita ce sakatariya, domin ita za a fara kallo da ido ɗaya ko da hannunta fes yake.

Akwai kuma ranar da ba ma son ambato amma dole ce. Idan Allah ya karɓi ran ɗayanmu a tsakiyar zango, abin da ta tara haƙƙin magada ne, bashin da ke kanta kuma nauyi ne da ake son sauke mata da wuri. Ita ba ta nan balle ta faɗa. Littafi ne zai yi magana a madadinta. Malamai sun sha gaya mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. To rubutun da aka yi, aka bar shi ya salwanta, ai bai cika aikinsa ba.

Maganin wannan matsala masu aiki da kwamfuta sun daɗe da saninsa, saboda su ma duk dukiyarsu rubutu ce. Suna kiran abin bakof. Ni na fi son in ce kwafin ko-ta-kwana: a sake ɗaukar abin da aka rubuta, a ajiye shi wani wuri dabam, ta yadda in na farko ya lalace na biyu yana nan. Ba sabon abu ba ne a wurinku. Wace ce a nan take zuba irin shuka cikin hatsin ci? Kowa tana ware shi, ta ɗaure, ta rataye can sama ko ta rufe a tulu da toka. Wasu ma sukan kai akuya ɗaya kiwo ƙauyen iyayensu, don in ciwo ya shigo garken gida kada a tashi a tutar babu. Wannan dabarar ce dai, sai dai yau rubutu za mu yi wa.

Masu kwamfuta suna da ƙa'ida da suke kira uku, biyu, ɗaya. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ta. Abin da take nufi: duk abin da ba ka son rasawa, ya zama kana da shi guda uku, a kan abu iri biyu dabam-dabam, misali ɗaya cikin kwamfuta ɗaya cikin filas, ɗaya daga ciki kuma ya kasance nesa da inda kake. Har rana suka ware, 31 ga Maris, don tuna wa juna. Ni dai a ganina wanda sai an tuna masa sau ɗaya a shekara, ya riga ya shirya yin asara.

Kada ku ɗauka wai masu ilimin boko sun fi ku kula da wannan. Lokacin da nake difloma, kowace shekara in lokacin miƙa aikin ƙarshe ya zo sai an ga mai kuka. Ɗalibi ya yi wata huɗu yana rubutu, duk yana cikin filas guda ɗaya ɗan mitsitsi kamar yatsa. Ya kai shagon buga takardu, a soka a kwamfutar da ta kamu da cuta, ya dawo ya tarar fayilolinsa sun ɓace ko sun ƙi buɗuwa. Wani kuma kwamfutarsa ce ta faɗi, wani wutar lantarki ce ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta. A cikin mutanen da nake hulɗa da su, iri uku na gani. Akwai wanda bai taɓa yin kwafi ba, yana cewa ai na'urata sabuwa ce. Akwai wanda yake yi in ya tuna, yau ya yi, sai bayan wata biyar ya sake. Akwai kuma wanda ya saita na'urarsa tana yi da kanta kullum. In ka bincika na ukun nan, sau da yawa za ka tarar ya taɓa ƙonewa ne, shi ya sa yake tsoron toka.

Bari in ba ku wani labari na gaske, don na san zai yi muku daɗi. A 1998, a Amurka, kamfanin Pixar yana cikin haɗa fim ɗin zane na yara mai suna Toy Story 2. Mutane da yawa sun daɗe suna aikin. Sai aka ba babbar kwamfutarsu umarnin gogewa bisa kuskure, kafin a ankara a cire mata wuta, kusan kashi tara cikin goma na aikin ya tafi. Suka ce ba komai, ai muna da kwafi. Da aka je aka duba, ashe na'urar da ke yin kwafin ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya lura. Kun san wa ta cece su? Mai jego. Wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, ta haihu, tana aiki daga gida don ta kula da jaririnta, saboda haka akwai kwafin aikin a kwamfutarta ta gida. Aka je aka naɗe kwamfutar da bargo, aka sa a mota aka lallaɓo da ita ofis kamar ƙwai. Fim ɗin ya fito a 1999. Abu biyu nake so ku riƙe daga nan. Kwafin da ya yi amfani shi ne wanda yake wani gida dabam. Wanda kuma suka dogara da shi, da yake ba a taɓa gwada shi ba, ranar buƙata ya ba su kunya.

Maganar nesa ɗin nan kada a ɗauke ta da wasa. A watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare ya mamaye unguwanni da yawa. Mutane da kayan jikinsu kawai suka fita. A irin wannan rana, wadda ta kai ajiyarta gidan maƙwabciya ba ta tsira da komai ba, don ruwan da ya ci ɗakinta shi ya ci na maƙwabciyar. Mu da ke zaune kusa da fadama ko bakin kogi mun san wannan. Haka gobara a lokacin hunturu, daga danni zuwa danni take bi. Haka in tashin hankali ya sa gari ya watse. Saboda haka in mun ce nesa, muna nufin wata unguwa a kan tudu, ko wani gari ma.

To yaya za mu yi a aikace? Kwafi na farko kuna da shi tun tuni, kuma kyauta ne: kawunanku. Wannan tsari na asusu da muke bi ya samo asali ne daga Nijar, a yankin Maraɗi, a 1991, inda ƙungiyar CARE ta fara shi da mata da sunan Mata Masu Dubara. Yawancin matan farkon ba su yi boko ba, da ka suke riƙe lissafi, a faɗa a gaban kowa, kowa ta haddace. Shi ya sa har yau ake cewa a ƙarshen zama masu ƙirga su faɗi abin da ke cikin asusun rance da abin da ke cikin asusun taimako da babbar murya, a mako mai zuwa kuma a tambaya kafin a buɗe akwati. Na lura wasu ƙungiyoyi da zarar sun samu sakatariya mai kyan rubutu sai su yi watsi da wannan, ana faɗar lissafi ana hira. Don Allah a dawo da shi. Ki san hannu nawa kike da shi, ki san bashin da ke kanki, ki kuma riƙe na wadda ke zaune a damanki. Mutum 25 ba sa mantuwa rana ɗaya.

Kwafi na biyu shi ne hoto. Kafin a mayar da littafi cikin akwati, a gaban kowa, a ɗauki hoton shafin ranar da waya. Akwai yadda ake yi. A shimfiɗa littafin a kan tabarma inda haske yake, ba cikin rana tsaka ba kuma ba cikin duhun ɗaki ba. A goge idon kyamarar da gefen zane, don man girki da ƙura kan sa hoto ya yi hazo. A riƙe wayar daidai saman shafin, kusurwa huɗu duk su fito, kwanan wata ya fito. Sannan a buɗe hoton a ƙara girmansa, wata da ba sakatariya ba ta karanta lamba biyu ko uku daga ciki. In ba a iya bambanta 1 da 7, ko 3 da 8, a sake ɗauka. Hoton da ba ya karantuwa ɓata wuri ne kawai. Su kuma 'yan littattafan mambobi, ba sai kowane mako ba, amma duk ranar ba da rance a ɗauki shafin duk wadda ta karɓa ko ta biya.

Hoton kuma kada ya tsaya cikin wayar da ta ɗauke shi. Waya ita ce abin da ya fi saurin ɓata a duk kayanmu. Tana faɗawa rijiya, tana faɗawa bokitin wanki, yaro na jefa ta, ana zare ta a kasuwa. Tun ana zaune a tura hoton wa mutum biyu da ƙungiya ta zaɓa, ɗaya a cikinsu ba a unguwar nan take ba. Kuma a jira a ga ya shiga. WhatsApp yakan rage ƙarfin hoto don ya tafi da sauri, don haka wadda ta karɓa ita ma ta buɗe ta tabbatar lambobin na fita.

Na ji Inna can tana cewa mu da ba mu da babbar waya fa? Akwai hanya. 'Yar ƙaramar waya mai tocila tana aika saƙon rubutu. A rubuta kwanan wata, kuɗin asusun rance, kuɗin asusun taimako, da jimlar bashin da ke waje, a aika wa mutum biyu. Ga kuma takardar kabon, wadda ake sawa tsakanin shafi biyu a rubuta sau ɗaya ya fito sau biyu, ana samunta a shagon kayan makaranta da araha. Ko a sayi littafi na biyu, wata ta kwafa da hannu a wurin zama, a karanta a gwada da na farko, shugaba ta sa hannu ko ta dangwala. Wadda ta iya ajami ta rubuta da ajami, ba laifi, lissafi ba ya da yare. A yi rubutu da biro, ban da fensir da ake gogewa, ban da alƙalamin da tawadarsa ke narkewa in ruwa ya taɓa. A sa littafin cikin leda, a sa cikin bokitin roba mai murfi, a ɗora sama nesa da ƙasa da bango saboda gara. Gaskiya ko kuna da babbar waya ina ba da shawarar littafi na biyun nan, domin takarda ba ta buƙatar caji. Kun ga uku, biyu, ɗaya ta cika kenan: littafin akwati, littafi na biyu, da hoto, takarda da waya, ɗaya kuma a wani gari.

Sau nawa za a riƙa yi? Amsar tana cikin wata tambaya: in littafi ya ɓata yau, lissafin mako nawa za ku iya dawo da shi da ka ba tare da gardama ba? Na mako ɗaya, kowa za ta tuna. Na mako biyu, za a ɗan ja. Na wata uku kuwa, sai dai a yi rantse-rantse. Duk tazarar da kuka bari tsakanin kwafi da kwafi, ita ce asarar da kuka amince ku ɗauka. Mu da muke zama mako-mako, kwafinmu mako-mako ne, a wurin zama, kafin a danna kwaɗo. Ba a cewa sai na koma gida. Gida akwai girki, akwai baƙi, akwai goyo. A mayar da shi cikin jerin aikin zama kamar yadda ƙirga kuɗi yake, in ba a yi ba zama bai tashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu zan ɗan daɗe a kan waya, don nan ne aka fi yaudarar kai. Wata za ta ce hotunana suna cikin memori. To memorin yana ina? Cikin wayar. Wanda ya ɗauke waya ya haɗa da shi. Kuma memori yakan mutu haka kawai ba sallama, musamman na bogi masu arha. In za a yi amfani da shi a matsayin ajiya, sai a kwafa a cire shi, a naɗe a takarda a rubuta kwanan wata, a ajiye dabam. Wata kuma za ta kai waya gyara, mai gyara ya ce sai an yi mata filashin. Ku sani wannan wanke waya ne tas, komai na ciki zai tafi. Kafin ki miƙa waya gyara ki cire layi da memori, ki tabbatar abin da kike so yana wani wuri.

Akwai ajiyar da ba ta cikin wayar, tana can cikin manyan kwamfutocin kamfani, ana kai mata ta intanet. Duk mai asusun Google ana ba shi wurin ajiya kyauta na gigabait 15, wanda ya ishi hotunan littafinmu na shekaru, in dai ba a cika shi da bidiyon biki ba. A cikin saitin WhatsApp, ɓangaren hira, akwai inda ake kunna ajiya zuwa Google, a zaɓi kullum ko mako-mako ko wata-wata. Wadda ke riƙe hotunan ƙungiya ta zaɓi kullum ko mako-mako, ta kashe na bidiyo don kada ya cinye data. Amma ga tarkon. Yawancinmu ranar da aka sayi waya, yaron shago ne ko wani ɗa a gida ya buɗe asusun, ya sa kalmar sirri, ya manta, mu ma ba mu tambaya ba. Ranar da wayar ta ɓata, kayanki suna can a ajiye lafiya lau, amma ba makullin ɗauko su. Rumbu cike da hatsi, ba ƙofa. Saboda haka yau ɗin nan, wadda aka zaɓa ta nemi sunan asusunta da kalmar sirrinta, a rubuta a takarda, a rufe a ambulan, ta ajiye inda take ajiye takardun gado ko na asibiti. A gwada shiga da su a ga sun yi.

Layin waya shi ma makulli ne. WhatsApp ba ya dawo miki da ajiyarki sai da lambar da kika yi ta da kuma asusun Google ɗin nan. In layi ya ɓata, kamfani zai nemi wanda aka yi rajistarsa da sunansa da lambarsa ta NIN kafin a dawo da shi. In da sunan wani ƙanin miji da ya tafi ci-rani aka yi, kin shiga wahala. Ki san da sunan wa layinki yake. Kuma waɗannan wuraren ba sa jiran mutum har abada: WhatsApp yakan rufe asusun da ya yi kwana 120 ba a hau ba, Google kuma ya sanar cewa yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi ma akan sayar wa wani. Abu na ƙarshe a nan, wasu ajiyoyin kamar madubi suke, abin da kika goge a waya can ma zai goge. In yaro ya karɓi waya yana wasa ya share hotuna, ana iya rasa duka biyun. Wannan ma wani dalili ne na riƙe takarda.

Sai maganar sirri, wadda in ba a kiyaye ta ba gyara zai zama ɓarna. Shafin littafinmu yana ɗauke da bashin mutane. Akwai wadda kishiyarta ba ta san ta ci rance ba, akwai wadda in aka san abin da ta tara a gida, ranar rabo ba za ta ga ko sisi ba. Kun fi ni sanin wannan. Don haka ba a tura hoton littafi a zauren WhatsApp na unguwa ko na dangi. Ba a tura shi wayar da mutum biyar ke amfani da ita. In wayar maigida ce ko ta ɗa, a faɗa wa ƙungiya gaskiya, a nemi wata. Wayar da ke riƙe hotunan a sa mata lambar kullewa. Wasu ƙungiyoyi suna rubuta lambar mamba a babban littafi maimakon suna, ta yadda ko baƙo ya gani ba zai gane ba. Ni ina son wannan dabarar ƙwarai. Kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki, ko ya ce daga ofishinmu yake, ko daga banki, kashe wayar. Da lambobin nan ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum. Ba ma'aikacinmu da zai tambaye ki su.

In kwafi ya saɓa da littafi fa? A yanke wannan tun yanzu, a sa cikin dokokin ƙungiya, tun ba a san wa abin zai shafa ba. Shawarata, littafin akwati shi ne uwa. In an ga gyara ko kankara a cikinsa, a koma ga hoton da aka ɗauka a gaban kowa ranar, shi ne shaida. In an yi kuskure wajen rubutu, kada a goge, a ja layi ɗaya a kai, a rubuta daidai a gefe, shugaba ta sa hannu, a sake ɗaukar hoto. Sakatariya, wannan kariya ce gare ki, kada ki ɗauka rashin yarda ne. Ranar da wata ta tashi da zargi, ba sai kin yi rantsuwa ba, a buɗe hoto kawai.

Ku tuna da mutanen fim ɗin nan da kwafinsu ya ba su kunya. Duk bayan wata uku, a ware zama ɗaya a yi gwaji. A bar littafin a rufe, a yi kamar ya ɓata. Mai riƙe kwafi ta kawo nata, a zaɓi mata uku, a fitar da hannun kowace da bashinta daga kwafin kaɗai, sannan a buɗe uwar a gwada. In ya yi daidai, alhamdu lillahi. In an tarar mako huɗu babu hoto, ko waya ta cika an share, gara a gane yau da littafi ke nan. A yi irin wannan gwaji kuma wata guda kafin rabo, da kuma kafin damina ta kankama.

Wata za ta ce ai ke ma kina ɗaukar lissafinmu kina sawa a kwamfutar ofis. Haka ne, kuma nima duk Juma'a nake kwafe abin da ke cikinta zuwa wata na'urar ajiya da ba ta kwana jaka ɗaya da ita. Amma abin da nake ɗauka jimla ce, ba lissafin kowace mace ba. Kuma tsarin nan an gina shi ne don ku tsaya da ƙafarku. Bayan zangon farko zuwana zai ragu, wata rana a tura ni wani gari, shiri ma yakan ƙare. Kayan aro ba ya rufe katara. Ku riƙe naku a hannunku.

Kuɗin da abin zai ci kaɗan ne: littafi ɗaya, biro, leda, bokiti, da 'yar data a wata. Kada a bar wa mai waya ita kaɗai, za ta gaji ta daina ba tare da ta faɗa ba. A fitar daga kuɗin tarar makara, ko a amince da wani abu ƙanƙani, a rubuta shi a littafi kamar kowane kashe kuɗi. Asusun taimako kuwa a bar shi don rashin lafiya da rasuwa, yadda aka tsara.

Kafin mu tashi yau ina so mu fitar da suna uku: wadda za ta riƙe littafi na biyu, wadda ba gida ɗaya take da mai akwati ba kuma ba ta cikin masu makulli, wadda za ta riƙa ɗaukar hoto, da wadda za a riƙa tura wa a wajen unguwa. Hajiya shugaba, na miƙa miki wannan. Sakatariya kuma buɗe mana shafin yau ki shimfiɗa a nan bakin inuwa, mai waya ta matso mu gwada na farko tare, kowa ta gani. Wadda ke da tambaya ta ɗaga hannu muna yi muna amsawa.